Shekarar da Na Shiga Jarrabawa da Anko

Ku 'ya'yana, da ku jikokina da kuka taso kuka tarar ana bugo mini waya ana tambayata abin da ya sami kwamfuta, kun ɗauka da abin aka haife ni. Kwanakin baya ma na ji Nura yana gaya wa abokinsa wai Mama tun tana budurwa take wannan harka. Ba haka ba ne. Ranar da na fara zama a ajin jami'a na haura arba'in, ina da ku huɗu, kuma iyakar abin da na sani game da kwamfuta shi ne tana da allon rubutu irin na tafireta. Shi ya sa nake so in ba ku labarin wannan shekara da bakina, kafin kowa ya ƙara mata gishirinsa.

Aikina a lokacin ofareta ne, wato mai haɗa waya, a wani kamfanin roba masu yin bokiti da kujeru da butoci. Ofishinmu yana Bompai, injinan kuma suna Sharaɗa. Shekara da shekaru ina zaune a wani ɗan ɗaki kusa da ƙofar shiga, allon waya a gabana. Duk wanda ya bugo daga waje sai ya biyo ta kaina, in ce ya dakata, in danna maɓalli in sada shi da wanda yake nema. Na san muryar kowane dila tun daga Sabon Gari har Maraɗi, na san wanda za a haɗa nan take, na kuma san wanda za a ce wa Manaja ya fita alhali yana ciki yana shan shayi. Sai wayar hannu ta shigo gari. A hankali allon nan da ba ya barina in ci abinci ya koma yana wuni bai yi ƙara sau goma ba, har na fara zuwa aiki da saƙar hula. Wata Litinin Manaja ya aiko a kira ni.

"Anti Saude, zauna," in ji shi. "Allon nan naki baɗi war haka za a cire shi. Kwamfutoci za a haɗa tsakanin nan da Sharaɗa. Ke kuma mun yi shawara, ko ki koma wajen rabon abincin ma'aikata, ko ki je gida ki huta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, idan an haɗa kwamfutocin wa zai riƙa kula da su?"

"Za mu nemo wanda ya karanta abin."

"To in ni ce na karanta fa?"

Ya yi dariya har da buga tebur. Da ya ga ban taya shi ba sai ya gyara zama ya ce in na kawo masa takardar shaida kafin a cire allon, zai saurare ni. Na san ya faɗa ne don ya rabu da ni, amma na riƙe maganar.

Na ji labarin jami'a ta buɗe wani kwas na shekara guda don ma'aikata, Asabar da Lahadi, a kan yadda ake haɗa kwamfutoci su yi magana da juna, abin da suke kira netwok. Tsohuwar takardata ta koyon sakatare ta isa a ɗauke ni. Babanku a lokacin shi ke kula da ma'aikatan safe a wani kamfanin fata a Challawa. Kun san halinsa, in ya dawo ba a yi masa magana sai ya yi wanka ya rabu da warin jima. Na bari ya fito, ya zauna a tabarma a tsakar gidanmu na Hotoro, na zuba masa abinci, sannan na faɗa masa komai. Ya gama tauna ya ɗago.

"Asabar da Lahadi kika ce?"

"E, Malam."

"To ai shi ke nan. Ni na iya dafa taliya."

Binta, kin tuna irin taliyar nan, ba sai na bayyana ba. Shekara guda kuna cinta, wata rana ta caɓe, wata rana ta yi ƙarfi kamar tsintsiya, kuma ba wanda ya isa ya kushe. Inna kuwa, mahaifiyata, da na je Ɗorayi na gaya mata sai ta riƙe haɓa ta ce, "Ke da 'yarki ta kusa isa aure, ke ce za ki rataya jaka ki zauna a benci da sa'o'inta? Allah Ya kyauta." Wadda ta tsaya mini a gidan nan ita ce Kulu, autarmu, wadda kuke kira Anti Kulu. A ɗakina ta girma tun tana 'yar shekara shida, ni na yi mata kitso, ni na kai ta makaranta, sai da Babanmu ya rasu ta koma ta zauna da Inna. Ita ta raka ni na sayi fom, ita ta zaɓo mini jakar, ta ce baƙa za ta fi dacewa da ɗaliba mai hankali.

Ajinmu mun kai mu arba'in, mata uku, kuma duk na girme su, har malamin. Malam Idi sunansa, siriri, mai saurin magana, alli kullum a gashin kansa. Ɗaliban suka sa mini Mama tun ranar farko. Makonnin farko ban gane komai ba. Ya zana hawa bakwai a allo ya ce kowane saƙo sai ya sauka ta kansu kafin ya shiga waya, in ya isa kuma ya hau su ɗaya bayan ɗaya. Na kwafa tsaf, rubutuna ya fi na kowa kyau, amma da za a yanka ni ban san me na rubuta ba. Da aka zo lissafin kwamfuta, wanda babu komai a cikinsa sai sifiri da ɗaya, nan ne na dawo gida na ajiye jakar na ce na haƙura, rabon abinci ma aiki ne.

Babanku ya ce in nuna masa littafin. Ya duba, ya duba, sai ya ce wa Binta ta kawo kofuna takwas. Ya jera su a tabarma, ya ba kowanne lambarsa: na ƙarshe ɗaya, na kusa da shi biyu, sai huɗu, sai takwas, haka ana ninkawa har ɗari da ashirin da takwas.

"Kofin da ke tsaye shi ne ɗaya, yana nan, a haɗa da lambarsa. Wanda aka kife shi ne sifiri, ba ya nan. Ba abin da malaminku yake nufi ke nan ba?"

Na dubi mutumin nan da ya bar makaranta tun aji uku na sakandare, na ce ya kira lamba mu gwada. Daga ranar, kullum bayan la'asar gidanmu ya zama aji. Shi zai kira lamba, mu yi ta rige-rigen kife kofi. Ku kuna cinye ni, kuna ihu kuna tsalle, har maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta tambaya ko caca muka fara. Sai da na yi wata guda kafin na ci Nura sau ɗaya, kuma har gobe yana cewa rangwame ya yi mini.

Ranar da abin ya buɗe mini gaba ɗaya ba zan manta ba. Malam Idi yana bayanin cewa kowace kwamfuta tana da adireshi, lambobi kashi huɗu. Wani sashe na lambar shi ne unguwa, ragowar kuma lambar gida. 'Yan unguwa ɗaya suna aika wa juna saƙo kai tsaye, amma in saƙon na wata unguwa ne, sai a miƙa wa wata na'ura mai suna rauta, wadda ta san hanya, ta duba lamba ta tura shi inda ya dace. Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba.

"Malam, ita rautar nan, saƙo ya zo mata daga waje, ta duba wa ake nema, ta haɗa shi da shi?"

"Haka ne, Hajiya."

"To ai ni ce! Aikin da nake yi ke nan tun kafin waɗannan su shiga firamare."

Aji ya kwashe da dariya, shi ma Malam sai da ya dafa allo. Amma ya ce kowa ya rubuta abin da Hajiya ta faɗa, domin babu bayanin da ya fi shi. Daga nan tsoro ya sake ni. Da aka zo haɗa kan waya kuwa sai na zama abin kallo. A cikin wayar netwok akwai 'yan siraran wayoyi takwas masu launi, a murɗe biyu-biyu. Sai ka warware su, ka miƙar, ka jera kowane launi a mazauninsa, ka datse su daidai, ka zura a ɗan kan roba, ka matse. Samarin nan masu manyan yatsu suna ta ɓata kai bayan kai. Ni da na yi shekaru ina kitson shuku a kan yara masu mutsu-mutsu, waya takwas da ba sa kuka ba sa gudu me za su yi mini? Waɗanda da suke ƙus-ƙus in na shigo suka koma layi a bencina, "Mama, duba mini nawa."

A tsakiyar wannan shekara aka sa ranar auren Kulu da Bala, direban babbar mota a kamfaninmu, yaro mai ladabi. Na yi murna ƙwarai. Ni ce uwar biki, ni na zaɓi atamfar anko, ni na zaga dangi da goro da alewa. Saura mako uku aka liƙa jadawalin jarrabawa, sai ga jarrabawar aikin hannu, wadda ake yi sau ɗaya a shekara, ta faɗo ranar Asabar ɗin ɗaurin aure da kai amarya. Na sami Malam Idi a ofis. Ya ce wallahi ba a hannunsa take ba, wani malami ne zai zo daga wata jami'a ya sa ido, kuma wanda bai yi ba sai ya jira baɗi. Baɗi kuwa an riga an cire allona. Ranar biki kuma ba ta ɗaguwa, dangin ango har daga Damagaram sun shirya tahowa.

Kun sha tambayata me ya sa babu ni a hoton bikin Anti Kulu ko guda, nakan ce muku ina wajen tukunya. Ba gaskiya ba ne, yau ga gaskiyar. Na je Ɗorayi na durƙusa gaban Inna, Kulu tana gefe ana yi mata gyaran jiki.

Na ce, "Inna, ku yi haƙuri. Ƙarfe goma za a fara, kafin azahar na fito. Ɗaurin aure ai na maza ne. Kafin a fara wuni ina nan."

Inna ta ce, "Ranar auren 'yar da kika raina?"

Kulu ba ta ɗago ba. Ta ce, "Yaya, ki je. Amma ke za ki riƙe hannuna ki fitar da ni daga gidan nan. Ban yarda da kowa ba."

Na ce, "Na yi miki alkawari."

Don kada in ɓata lokacin komawa gida sauya kaya, sai na shirya tun da safe. Na sa ankona, na kafa ɗauri ya tashi sama, lalle baƙi da ja har gwiwar hannu, sarƙa da 'yan kunne, na rataya baƙar jakata na tafi jarrabawa. Da na shiga ɗakin gwaji, ɗalibai suka miƙe suna tafi, wani ya rangaɗa guɗa da muryar maza. Baƙon malamin nan ya cire tabarau ya tambayi Malam Idi ko na yi ɓatan hanya ne. Malam Idi ya ce, "A'a, ranka ya daɗe, wannan ita ce rautar ajinmu."

An fara kiran mutane biyar-biyar, ni ina rukuni na shida. Rukuni na biyu suna ciki aka ɗauke wuta. Aka je tayar da janareto ya ƙi, aka tafi neman mai gyara. Azahar ta yi muna zaune a baranda, ɗaurina ya fara karkacewa. Ba ni da wayar hannu a lokacin, babu yadda zan aika. Sau biyu ina miƙewa in tafi. Na biyun har na kai bakin ƙofa, na tsaya ina kallon masu acaɓa. Ba wanda ya riƙe ni, ina so ku san wannan. Da ƙafata na juyo na koma na zauna. Sai bayan la'asar aka kira mu. Aka ba ni kwamfuta uku da waya da takardar tambaya, aka ce in raba su unguwa biyu in sa su gaisa. Na haɗa kan wayar, na kife kofuna a zuciyata na fitar da lambobin, na aika ɗan saƙon gwaji, sai ga amsa tana sauka layi-layi. Ban tsaya jin abin da baƙon malamin yake cewa ba, na kwashi zanina na fita a guje.

Na isa Ɗorayi ana kiran magariba. Kujeru a kife, yara suna tsintar robobin lemo, motocin amarya sun tashi. Gwaggo Asabe, ƙanwar Babanmu, ita ce ta riƙe hannun amarya. An ce Kulu ta tsaya a zaure ta ƙi fita, tana waige, sai da Inna ta yi mata tsawa. Na bi su gidanta a Sharaɗa, na tarar da ita a lulluɓe a tsakiyar ƙawaye. Na ce, "Kulu, ga ni." Ta ce, "Sannu da zuwa, Hajiya." Tunda take ba ta taɓa kirana da wani suna ba Yaya ba. Wata da watanni ana haka. In na je ta gaishe ni kamar baƙuwa, ta kawo ruwa a faranti, ta koma kicin. Na ci jarrabawa, har na zo ta uku a aji, amma na rasa wanda zan kai wa takardar ya yi mini irin ihun da ita za ta yi.

Manaja ya karɓi takardar ya juya ta gaba da baya ya ce za a duba. Aka zo aka haɗa kwamfutocin, wani ɗan kwangila daga Legas ya yi aikin ya koma, ni kuma ina nan a ɗakina ina jiran ranar da za a cire allo. Wata Talata da hantsi sai allon nan ya tashi da ƙara kamar da. Sharaɗa ce ke bugowa: kwamfutar da ke fitar da takardar lodi ta daina magana da Bompai, kuma ba takarda ba mota mai fita. Motoci sun yi layi har titi, diloli suna zage-zage. Ni na haɗa Manaja da Legas, na ji ɗan kwangilar yana cewa sai jibi zai samu tahowa. Na tashi na ƙwanƙwasa ƙofarsa.

"Ranka ya daɗe, a kai ni Sharaɗa."

Ya dube ni ya dubi wayar da ke hannunsa. "In kika ƙara lalata ta fa?"

"Ai ta riga ta lalace."

A motarsa muka tafi tare. Direbobi suna zaune a inuwar motocinsu, na hango Bala a cikinsu, ya taso da sauri ya gaishe ni yana mamaki. Malam Idi ya koya mana cewa kada ka fara da abu mai wuya, fara daga ƙasa. Na naɗe mayafina na shiga ƙarƙashin tebur, na bi waya da hannu, lafiyarta ƙalau, 'yar fitilar tana ƙiftawa. Na fito na tambayi magatakardan wurin, Malam Ɗanjuma, abin da ya canja daga jiya zuwa yau. Ya rantse babu. Na ce ya dai tuna. Sai ya ce, to, in ban da sabuwar kwamfutar da aka kawo wa mai kula da sito, wadda suka kwafi lambobin wannan suka sa mata don ita ma ta yi aiki. Na je na duba. Gida biyu, lamba ɗaya, saƙo ya zo ya rasa wanda zai shiga. Na sauya lamba ɗaya tak. Kafin in miƙe, na'urar buga takarda ta fara ƙara, Malam Ɗanjuma ya yi kabbara, waje ya ɗauki hon ɗin motoci.

Muka kamo hanyar dawowa ni da Manaja. Sai da muka shiga Bompai ya ce wa direbansa, "Gobe a share ɗakin da ke kusa da nawa." A ɗakin nan na yi sauran shekaruna na aiki.

Ashe Bala ya koma gida ya ba da labari, ya ƙara da nasa. Wai Yaya ta shiga ƙarƙashin tebur da bisimilla, ta taɓa abu ɗaya, mota talatin suka tashi. Inna ta ce mini kwana uku yana maimaitawa, Kulu tana cewa ya ishe ta. Ba ta aiko ba, ni ma ban matsa ba. Sai da ta haihu, ranar wata Asabar, Bala ya zo Hotoro da kansa ya yi mana albishir, sannan ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Yaya, ta ba ni saƙo, ta ce in faɗa yadda ta faɗa. Wai suna ranar Asabar ne, ki duba jadawalinki ko kina da jarrabawa."

Babanku ya yi dariya har ya ƙware. Ni kuwa ban jira Asabar ba. Washegari da sassafe na ɗaure kayana na tafi Sharaɗa, na karɓi wankan jego daga hannun Gwaggo Asabe, na hura wuta, na dama kunun kanwa. Kwana shida ina gidan, Kulu tana karɓar duk abin da na miƙa mata ba ta ce mini komai ba sai sannu. Ranar suna da safe maza suna waje, aka raɗa wa jaririya suna, maroƙi ya ɗaga murya, muka ji daga ɗaki: Saudatu. Na juyo na dube ta, kofin kunu a hannuna. Ta ɗauko yarinyar ta ɗora mini a cinya, ta gyara mata hula.

"Ba wai na huce ba ne," in ji ta. "Riƙe ta da kyau, Yaya, kanta bai yi ƙwari ba."